Ƙas-ƙas a Iska: Amsar Tambayoyinku kan Agogon Na'urorin Sauti

Wasiƙun da suka shigo filin namu a wannan watan, na masu aikin rediyo da masu ɗaukar bidiyo ne suka fi yawa. Mun ware guda biyar, daga Garwa, Marwa, Kuseri, Ngaundare da Njamena. Kowa da irin kukansa, amma cutar ɗaya ce: na'urori biyu, kowace da nata agogon, ana so su yi aiki tare. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da na'urori a wani gidan rediyon al'umma. Muna karɓar shirin abokan hulɗarmu daga Yawunde ta intanet, kwamfuta ta karɓa ta miƙa wa mikisa. Sauti yana tafiya lafiya, sai kusan duk minti 16 ko 17 ya ɗan yanke ya dawo. Ma'ajin jira na manhajar, inda take tara sauti kafin ta sake shi, milisakan 200 ne. Na mayar da shi sakan ɗaya, yankewar ba ta tafi ba, sai dai yanzu takan yi awa ɗaya da minti ashirin da 'yan kai kafin ta zo. Mun canza kamfanin intanet, abin yana nan. (Daga Garwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ƙyale kamfanin intanet, lissafin da ka kawo ya wanke shi. Matsalar rezo, wato hanyar sadarwa, ba ta da ƙa'ida: yau ta zo sau goma a jere, gobe shiru, ta kuma fi tsanani da yamma lokacin da kowa ya hau waya. Yankewar da ke zuwa a kan lokaci, wadda tazararta ta ninka sau biyar da ka ninka ma'aji sau biyar, saɓanin agogo ne.

Na'urar da ke Yawunde tana ɗibar samfurin sauti, wato tana auna sautin ta mayar da shi lamba, sau 48,000 a kowane sakan, katin sautin kwamfutarka kuma yana fitar da 48,000 a kowane sakan. To amma sakan ɗin wa? Kowace na'ura tana auna nata da wani ɗan kiristal da ke kaɗawa a cikinta, galibi sau 12,288,000 ko sau 24,576,000 a sakan. A raba na farko da 256, na biyu da 512, a sami 48,000. Ba a samun kiristal biyu da suka zo daidai wa daida. Na kayan kasuwa yakan kauce da kamar kashi 50 cikin miliyan, sama ko ƙasa, shi ne za ka ga an rubuta 50 ppm a takardar na'ura. Zafi ma yana motsa shi, kuma ɗakin na'urori a Garwa cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ɗaya yake da ɗaki mai sanyi a Yawunde ba.

A ce na can yana jinkiri da 50, naka yana sauri da 50. Tazara ta zama 100 ppm ke nan, wato katinka yana cinye samfur 4.8 a kowane sakan fiye da abin da ake aiko masa. A sakan 1,000 ya ci milisakan 100. Bisa ga alama manhajarka tana cika rabin ma'aji kafin ta fara, rabin 200 kuwa 100 ne, sakan 1,000 kuma minti 16 ne da sakan 40. Ma'aji ya ƙare, sauti ya yanke, manhaja ta sake tarawa, a koma gidan jiya. Da ka mayar da shi sakan ɗaya, rabinsa 500 ne, sai ya ɗauki sakan 5,000, wato awa ɗaya da minti 23. Ƙara girman ma'aji nesanta yankewar kawai yake yi, ya kuma ƙara maka jinkirin shiri.

Da katinka ne mai jinkiri, da abin ya juya: ma'aji ya riƙa cika. Wasu manhajojin sai su zubar da abin da ya yi yawa, ka ji kalma ta yi tsalle. Wasu kuma, musamman masu karɓa daga Icecast, manhajar watsa sauti ta intanet, sai su yi ta tarawa, jinkiri yana ƙaruwa ba a lura ba. A 100 ppm sakan 8.64 ne a yini, a mako ya kai minti guda, ranar nan ka ga labaran ƙarfe bakwai sun iso bayan bakwai ta wuce.

Kafin ka taɓa komai ka auna. In manhajar tana nuna cikar ma'aji, ka rubuta lambar duk minti biyar har awa ɗaya. Hawa da saukan da ba su da tsari na rezo ne, kar su dame ka. Gangaren da ke tafiya gefe guda shi kake nema. Milisakan 3.6 a awa shi ne ppm ɗaya, don haka in ma'aji ya ragu da milisakan 180 a awa, tazararku 50 ppm ce. Ka auna da asuba, ka sake da azahar, za ka ga aikin zafi.

Tunda ba ka da ikon ɗaure agogon Yawunde da naka da waya, dole ɓangarenka ya bi nasu. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce manhaja ta riƙa maimaita samfur ko zubar da shi. In a tsakiyar magana ta yi, kunne yana jin ɗan ƙas. In ta jira inda aka yi shiru, shirin magana yana wucewa lafiya, amma kiɗa ba ya ba ta wannan damar. Wata hanyar ita ce a juya agogon na'urar kansa, a ɗan ƙara masa sauri ko a rage. Haka dikodar tauraron ɗan'adam take yi: tashar da ke aikowa tana cusa alamun agogonta mai kaɗawa miliyan 27 a sakan cikin siginar, aƙalla duk milisakan 100, dikoda tana jan nata agogon ya bi. Katin sauti na kwamfuta ba kasafai yake ba da wannan dama ba.

Wadda muke ba ka shawara ita ce sake lissafin samfur. Manhaja tana duba cikar ma'aji, in ta ga yana raguwa sai ta ɗauki samfur 48,000 da suka shigo ta ƙirƙiro 48,004.8 daga cikinsu ta hanyar lissafi, ba maimaitawa ba. Sautin yana miƙewa da kashi 100 cikin miliyan, wato bambancin kusan 0.04 kacal a amo mai kaɗawa 440 a sakan. Babu kunnen da zai kama wannan.

Inda masu haɗa irin wannan tsari suke faɗuwa shi ne gaggawa. In manhaja tana gyara sauri duk lokacin da ƙunshin bayanai ɗaya ya makara, to rawar rezo take bi, ba agogo ba, sai a yi gyaran gangar Auzinawa: yankewa ta tafi, amma dogon busan algaita ko jan goge ya riƙa lilo. Ka sa ta ɗauki matsakaicin cikar ma'aji na sakan 30 zuwa 60, ta nufi rabin ma'aji, kuma ka yi mata iyaka kada gyaranta ya wuce 300 ppm. In ta kai iyakar ta zauna a can, ba saɓanin kiristal ba ne, wata matsala ce daban.

A aikace, ka duba ko manhajarka tana da zaɓin gyaran saɓanin agogo, ka kunna. A Linux, tsarin sauti na PipeWire yana yin wannan lissafin tsakanin na'urori da kansa. Mai amfani da manhajar GStreamer ya duba zaɓin slave-method a mafitar sauti: a kan skew yake zuwa, mai tsallake, ya mayar da shi resample. In manhajar ba ta da ko ɗaya, canza ta ya fi sayen sabon kati, domin sabon katin ma da nasa kiristal zai zo. Bayan nan ne za ka zaɓi girman ma'aji don rezo kaɗai. Shirin da karɓa kawai kuke yi, sakan ɗaya ko biyu ba laifi. Hirar kai tsaye kuwa, jinkirin da ya haura milisakan 150 a tafiya ɗaya yana sa mutane su fara taka maganar juna.

Tambaya: Ranku ya daɗe, mun sayi mikisa ta dijital. Mun haɗa ta da katin sauti ta wayar haske ta ADAT, mun kuma shigar da dikodar tauraro ta S/PDIF. Muna jin ƙas-ƙas sau biyu ko uku a sakan, amma in babu mai magana ba a jin komai. Duka na'urorin a kan 48,000 suke. (Daga Marwa)

Amsa: Ɗan'uwa, rubuta 48,000 a fuskar na'ura uku bai sa agogonsu ya zama ɗaya ba. Tazarar 50 ppm tana sa samfur ɗaya ya zame sau 2.4 a sakan, daidai da abin da kake ji. A lokacin shiru samfurin da ya ɓace da maƙwabcinsa duk sifili ne, shi ya sa ba ka jin komai. Don tabbatarwa ka saki amo tsayayye mai kaɗawa 1,000, ka ɗauka, ka saurara: ƙas ɗin zai fito fili a jere.

Sahu ɗaya liman ɗaya gare shi. A situdiyo na'ura ɗaya ce za ta tsaya a kan agogonta na ciki, inda aka rubuta Internal ko Interne, sauran duk a umarce su su bi. Ka bar mikisa a kan na ciki, ka shiga saitin katin sauti ka zaɓi ADAT a matsayin tushen agogo, ka jira fitilar Lock ko Sync ta tsaya ba ƙiftawa. Wayar ADAT, da S/PDIF, da AES3 duk suna ɗauke da agogo tare da sauti, amma zuwa gefe guda kawai suke kai shi, saboda haka dole a sami waya da ta fito daga mikisa ta shiga katin. Ka kuma kiyayi kuskuren da ya fi wannan muni: mikisa tana bin kati, kati yana bin mikisa. Babu jagora ke nan, sauri ya yi ta yawo har haɗin ya kwance.

Dikoda ita ce ba ta jin magana. Agogonta na bin tashar da ke aikowa, ba ta da ƙofar karɓar naka. Za ka iya mayar da ita jagorar situdiyo gaba ɗaya, amma ba ma so: ranar da hadarin Agusta ya rufe tauraro, ko wani ya canza tasha, duk na'urorinku za su rasa agogo lokaci guda. Ka duba ko ƙofar dijital ta mikisa tana da maɓallin SRC, mai sake lissafin samfur, ka kunna wa wannan ƙofar kaɗai. In babu, ka cire S/PDIF ka shigar da dikoda ta wayar analog. Wayar analog ba ta ɗauke da agogo, kuma abin da za a rasa na inganci mai sauraren FM ba zai ji shi ba. In ka zauna kan dijital, mafitar dikodar ta kasance a kan PCM, domin in tana fitar da Dolby a dunƙule, ƙara mai tsaga kunne ko shiru za ka samu.

Na'urori in sun haura uku, gara a raba agogo da wayarsa ta musamman, ƙofar da aka rubuta Word Clock. Waya ce mai om 75 da kan BNC, irin RG-59. RG-58 om 50 ce, suna kama a ido amma ba ita ba ce. In jere za ka yi, ka sa mahaɗi mai siffar T a kowace na'ura, ka rufe ta ƙarshe kaɗai da murfin om 75. Babu murfi, sigina tana dawowa baya ta rikita ƙirga. Murfi biyu ko uku a layi ɗaya kuma suna danne ƙarfinta har na'ura ta kasa kamawa, kuma wasu na'urorin da murfinsu a ciki suke zuwa, da ɗan makunni a baya. AES3 tana son waya mai om 110, tana kai mita 100. Wayar makirufo tana yin aikin a mita kaɗan, a nesa sai ta fara ba da matsala. Wayar haske ta roba kada ta wuce mita 5 zuwa 10, ƙofofin da ba a amfani da su kuma a bar su da murafensu saboda ƙurar hunturu.

Jagora ake fara kunnawa, a kuma sa shi a kan ondila, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke. Wasu na'urorin in suka farka ba su tarar da agogon waje ba sai su koma nasu na ciki, shi ya sa bayan kowane ɗauke wuta ya kamata a sake duba fitilun.

Tambaya: Malamai, wani ya ce mini in muna kan gurup, wato janareta, ne agogon katin sauti ke kaucewa, wani kuma ya ce in sa kwamfuta ta riƙa daidaita lokaci da intanet. Wanne ne gaskiya? (Daga Kuseri)

Amsa: Babu ko ɗaya, Malam. Kiristal ba ya ƙirga kaɗawar wutar gari ta 50, ko janareta ya yi sama ko ya yi ƙasa saurinsa bai canza ba. Abin da gurup ke jawowa shi ne gurnani a layi, ko faɗuwar wuta da ke sa na'ura ta mutu ta tashi. Daidaita lokaci da intanet kuma, wato NTP, agogon da ke nuna ƙarfe nawa yake gyarawa, ba ya taɓa kiristal ɗin katin sauti. Abin da zai amfane ka shi ne kunna na'urori minti 20 zuwa 30 kafin shiri don zafinsu ya daidaita. Kada kuma ka haɗa katin USB biyu a kwamfuta ɗaya kana zaton agogonsu ɗaya ne. Masu Mac suna da zaɓin Drift Correction don wannan, a kunna shi a kan katin da ba shi ne jagora ba.

Tambaya: Ina ɗaukar wa'azi da walima. Hoto a kyamara, sauti a rikoda daban da nake jonawa a mikisar masallaci. A farko baki da murya suna tafiya tare, amma a ƙarshen karatun awa ɗaya da rabi murya tana makara. Wani lokaci kuma in da waya na ɗauka, abin ba ya gyaruwa ko yaya na ja shi. (Wata mai ɗaukar bidiyo, Ngaundare)

Amsa: Malama, ki fara gane wane iri ne cikin huɗu. In tazarar farko da ta ƙarshe ɗaya ce, ja kawai za ki yi sau ɗaya. Ki tuna sauti yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, don haka makirufon kyamarar da ke mita 17 daga lasifika ya riga ya makara da kamar milisakan 50. Da motsin baki za ki daidaita, ba da sautin kyamara ba. In tazarar ta kai minti biyar a awa kuma murya ta sirance ko ta yi kauri, an karanta fayil mai 44,100 a matsayin 48,000 ne ko akasin haka, bambancin kusan kashi 9 cikin ɗari. Ki sa rikoda a kan 48,000 kullum, shi ne na bidiyo.

Naki na uku ne, mai ƙaruwa sannu a hankali. A 50 ppm, minti 90 suna tara milisakan 270, kusan hoto 7 a bidiyo mai hoto 25 a sakan, inda kowane hoto milisakan 40 ne. Mai kallo yana fara lura in murya ta riga baki da kamar milisakan 45, ko ta makara da kamar 125, kin ga kin wuce iyaka tun tsakiyar karatu. Maganin yana farawa tun a wurin ɗauka: a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kusa da makirufo kafin a fara, a sake bayan an shafa fatiha. A kwamfuta ki auna tsakanin tafi biyun a hoto da kuma a sauti. In hoto ya ba da sakan 5,400 cif, sauti ya ba da 5,400.27, ki raba na biyu da na farko, ki sami 1.00005. Ki ƙara saurin sautin da wannan adadi, wato kashi 0.005 cikin ɗari, da Change Speed na Audacity (a sababbin fitowa Change Speed and Pitch) ko umarnin speed na SoX. Muryar malam ba za ta canza ba. Kada ki yi ta yanka sauti gunduwa-gunduwa kina ja, aikin banza ne.

Na huɗu shi ne na waya. Wayoyi da yawa ba sa riƙe adadin hoto a sakan, suna ragewa in haske ya yi ƙasa ko waya ta yi zafi, shi ya sa tazarar take gaba take baya. Ki fara wuce da fayil ɗin ta HandBrake, ki zaɓi Constant Framerate a kan 25, sannan ki shigar da shi manhajar haɗa bidiyo. In kyamararki tana da ƙofar shigar sauti, ki ja waya daga mikisa zuwa cikinta kai tsaye, hoto da sauti su hau agogo ɗaya, rikoda ta zama ta ko-ta-kwana.

Tambaya: Mun shimfiɗa Dante, tsarin aika sauti ta wayar rezo, a wani babban zauren taro. Lokaci-lokaci wata na'ura takan yi shiru na 'yan sakanni, manhaja ta nuna ta rasa agogo. Muna kuma son kai sautin wani gini da ke da nisan kilomita uku ta eriyar Wi-Fi. (Daga Njamena)

Amsa: Injiniya, Dante da AES67, wani tsarin irinsa da aka fitar a 2013, suna raba agogo ta cikin wayar rezo da tsarin PTP. Jagora yana aika saƙon lokaci, mabiyi yana auna tafiya da dawowa, ya raba biyu, ya ja kiristal ɗinsa ya bi. Lissafin ya dogara ne da cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. Duk abin da ya riƙe saƙon a hanya yana ɓata shi, na'urar da ta rasa agogo kuma da gangan take rufe bakinta.

Ka fara da suwic, akwatin da wayoyin rezo ke haɗuwa a cikinsa. Ka kashe tsarin tsimin wuta da ake kira EEE ko Green Ethernet. Ƙananan suwic masu araha da yawa suna da shi kuma ba a iya kashewa, irin waɗannan a cire su. Ka yi amfani da gigabit, wayar Cat5e ko Cat6 kada ta wuce mita 100. In kwamfutocin ofis suna kan rezo ɗaya, ka kunna fifiko: a Dante saƙon agogo yana ɗauke da lambar DSCP 56, sauti 46; a AES67 agogo 46 ne, sauti 34. Sannan ka buɗe shafin Clock Status a Dante Controller, ka ba na'ura ɗaya tak Preferred Leader, wadda ba a kashewa. Mikisa mai katin Dante a ciki tana da tarko: ko mikisa ta bi katin, ko a kunna wa katin Sync to External ya bi mikisa ya zama jagoran rezo. In aka bar kowanne a kan nasa, ƙas-ƙas irin na mutumin Marwa zai fito. Kwamfuta mai Dante Virtual Soundcard ba ta zama jagora, dole a sami na'ura ta gaske a layin.

Batun Wi-Fi kuwa, kada ka ɗora Dante a kai. Eriya tana jiran layi, tana sake aika abin da ya ɓace, tsawon tafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. In akwai hali ka ja fayiba tsakanin ginin biyu. In babu, ka fitar da sautin daga Dante, ka tura shi da na'urar aika shiri mai ma'ajin jira da sake lissafin samfur, kamar yadda muka bayyana wa mai tambaya na farko, ginin can ya zauna da nasa jagoran. Inda ake buƙatar agogon wurare biyu ya zama ɗaya ba tare da waya ba, ana sa agogon GPS a kowane ɓangare, mai fitar da bugu ɗaya a sakan da sigina mai kaɗawa miliyan 10, jagoran kowane gini ya bi nasa. Eriyarsa a kan rufi ake kafa ta inda take ganin sarari ta ko'ina, ba a bakin taga ba, a kuma sa mata kariyar tsawa kafin damina.